Tambayoyi da amsoshi kan rigingimun burauza da kayan aikin intanet ga masu bulog da masu gina shafuka

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu bulog da masu koyon gina shafuka. Wasu na sabon shiga ne, wasu na wanda ya riga ya sha wuya a hannun burauza. An fara da na farko-farko, aka gangara zuwa masu ɗan zurfi. Yawancin kayan aikin da aka ambata kyauta ne, kuma ba sa buƙatar ka sauke komai.

Shafina yana fitowa tsaf a Chrome, amma a wayar wani ya wargaje. Laifin wa?

Sau da yawa ba laifin kowa ba ne. Kowace burauza tana da inji a cikinta wanda ke karanta HTML (ginin shafi) da CSS (dokokin adonsa) ya zana shafin a allo, kuma manyan injunan da suka rage uku ne. Blink shi ne na Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet. WebKit na Safari ne. Gecko kuma na Firefox. Blink ma ɗan WebKit ne, a 2013 Google ya ɓalle da shi ya kama gabansa, tun daga nan kuma kowanne yake tafiya da saurinsa. Wani sabon abu zai shigo Chrome yau, Safari ba za ta san da shi ba sai bayan shekara, wani lokacin kuma Safari ce ke riga kowa.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne iPhone. Chrome ɗin da ke kan iPhone riga ce kawai, abin da ke ƙarƙashinta WebKit ne, don haka halin Safari take da shi. Sai a 2024, da fitowar iOS 17.4, Apple ya buɗe ƙofa ga wasu injuna a ƙasashen Tarayyar Turai saboda dokar da ta tilasta masa. Kai dai ka ɗauka duk wanda ya shigo maka da iPhone, WebKit ne ke zana masa shafinka. Wani ƙarin abu: Safari ta iPhone ba ta sabuntuwa ita kaɗai, sai an sabunta tsarin wayar gaba ɗaya. Mai tsohuwar waya yana nan da tsohuwar burauza.

Burauza nawa ya kamata in gwada kafin in saki shafi?

Ɗaya daga kowane inji ta isa. Gwada Chrome da Edge da Brave a jere ɓata lokaci ne, tun da Edge ta koma kan tushen Chrome a Janairun 2020. Internet Explorer kuwa a bar ta ta huta, Microsoft ya daina tallafa mata ranar 15 ga Yuni, 2022.

Wahalar tana wajen Safari, domin babu ta a Windows tun 2012. In ba ka da kayan Apple, BrowserStack da ire-irensa suna ba ka aron waya ta gaske ta cikin intanet, kana taɓa ta daga kwamfutarka, sai dai lokacin gwajin kyauta kaɗan ne. Wanda ya iya rubuta kod zai iya amfani da Playwright na Microsoft, wanda ke zuwa da WebKit a cikinsa. Hanya mafi sauƙi dai ita ce ka tura wa wani mai iPhone adireshin, ka roƙe shi ya ɗauko maka hoton allo, ya kuma danna maɓallin jerin shafuka ya ga ko yana buɗewa.

Na gyara abu, na adana, amma shafin bai canza ba. Me ke faruwa?

Kafin ka sake taɓa kod, ka zargi ma'ajiyar wucin gadi, wato kesh. Burauza ba ta son sauke abu sau biyu, sai ta ajiye hotuna da fayilolin CSS a wurinta ta riƙa nuna maka tsofaffin. A kwamfuta danna Ctrl da Shift da R tare, za ta sauko da sabo. In bai yi ba, buɗe shafin a tagar sirri. Amma kesh ba hawa ɗaya ba ne. Akwai na burauza, akwai na fulogin (ƙarin manhaja) ɗin saurin shafi in kana kan WordPress, akwai na kamfanin da ke ba ka masauki, akwai kuma na masu rarraba shafi a sabobin duniya irin su Cloudflare. Kowanne da maɓallin share shi, kuma daga ciki ake sharowa zuwa waje.

Na taɓa raba dare ina canza launin kan wani shafi. In sa shuɗi in ga ja, in sa kore in ga ja. Har na fara goge layukan da ba su da laifi. Da gari ya waye na buɗe, sai ga kan shafin ya zama ruwan hoda, launin ƙarshe da na jefa cikin fushi kafin in kwanta. Ashe duk gyare-gyaren suna shiga, sabar da ke tsakani ce take riƙe da tsohon fayil. Tun daga ranar, in na canza CSS sai in canza sunan da ake kiransa da shi, `style.css?v=2` ya koma `style.css?v=3`. Burauzar kowane mai karatu za ta ɗauke shi sabon fayil ta sauko da shi, ba sai ka bi mutane kana cewa su share kesh ba.

In kuwa masauki ka canza ko ka mayar da domen wani wuri, wannan maganar DNS ce, tsarin da ke haɗa sunan domen da sabar da shafin yake kanta. Kowane bayani yana da wa'adin da sabobi ke riƙe shi kafin su sake tambaya, don haka wani zai ga sabon shafi wani ya ga tsoho. Shafin whatsmydns.net yana nuna maka inda canjin ya isa a faɗin duniya. Haƙuri ne maganinsa.

Cikin kayan aikin nan duka, wanne zan fara koya?

Wanda ke cikin burauzarka tun farko. Danna F12, ko ka danna ɓangaren dama na linzami a kan kowane abu ka zaɓi Inspect. Sassa uku kawai za ka fara riƙewa. Elements yana nuna maka ginin shafin da dokokin CSS da ke aiki a kan abin da ka zaɓa, kuma dokar da aka ja wa layi a tsakiya ita ce wadda wata ta danne. Kana iya canza launi ko girma a nan ka ga sakamako nan take, da zarar ka sabunta shafin komai ya koma yadda yake, don haka ba abin tsoro. Console yana fito da kurakurai da jan rubutu, har da sunan fayil da lambar layi. Network kuma yana jera duk abin da shafin ya sauko da shi, da nauyinsa da lokacin da ya ci. Lamba 404 na nufin ba a sami fayil ɗin ba, 403 an hana shiga, 500 kuma sabar ce ta yi tuntuɓe.

Wanda ya iya karanta waɗannan ukun ya daina cewa "shafina ya lalace", ya koma cewa "hoton kai yana ba da 404", kuma wannan ce tambayar da ake iya amsa wa mutum. Gargaɗi ɗaya: kada ka liƙa kod ɗin da wani ya ba ka a Console da sunan zai buɗe maka wani sirri. Tsohuwar dabarar satar asusu ce, shi ya sa Facebook ya rubuta gargaɗi da manyan haruffa a wurin.

Na gwada da siffar waya a kwamfuta komai lafiya, a wayar gaske kuma akwai matsala. Me ya sa?

Abin da Ctrl da Shift da M ke ba ka bayan ka danna F12, wato siffar waya, ƙanƙanta taga ne kawai. Injin na kwamfutarka ne, ƙarfin ma nata ne. In ka zaɓi iPhone a jerin, Chrome ce dai sanye da hular iPhone.

Akwai abubuwan da sai a waya suke bayyana. Sandar adireshi tana ɓoyewa tana dawowa yayin da ake jan shafi, shi ya sa sashen da aka ba tsayin `100vh` yakan zarce allo ya ɓoye maɓallin da ke ƙasansa. Ma'aunan `svh` da `dvh`, waɗanda suka shigo manyan burauzoji a 2022, don wannan aka yi su. Safari ta iPhone tana zuƙo shafi da kanta in ka taɓa gurbin rubutun da haruffansa ba su kai fiksel 16 ba. Abin da ke buɗewa in an ɗora linzami a kansa ba shi da tabbas a inda yatsa ake amfani da shi. Bidiyo mai sauti ba zai tashi da kansa ba sai an kashe masa murya. In kuma shafin ya fito ƙanana-ƙanana kamar an hango shi daga nesa, layin `viewport`, mai gaya wa waya faɗin da za ta ba shafi, shi ne babu a kansa, sai wayar ta ɗauka faɗinsa fiksel 980 ne. Don ganin kurakuran wayar Android a kwamfuta, kunna binciken USB a saitin masu haɓaka manhaja, haɗa ta da kebul, ka rubuta `chrome://inspect` a Chrome.

Ta yaya zan san ko wani sabon abu na CSS ko JavaScript zai yi aiki wa kowa?

Rubuta sunansa a caniuse.com. Zai fito maka da jadawali, kore inda yake aiki, ja inda ba ya yi, tare da lambar sigar da ya fara shiga. Ka karanta ƙananan bayanan da ke ƙasa, nan ake ɓoye "yana aiki amma". Don sanin yadda ake amfani da abin, MDN na Mozilla ya fi darussan da ake kwafa daga bulog zuwa bulog, waɗanda wasunsu an rubuta su tun zamanin Flash, tsohuwar fasahar bidiyo da motsi a shafuka, shi kuwa Flash an binne shi a ƙarshen 2020.

Tun 2023 akwai alamar Baseline a waɗannan shafuka biyu. Abu yana samun matakin farko in ya shiga Chrome da Edge da Firefox da Safari duka, ya sami mataki na biyu bayan wata 30 da hakan. Ga bulog, na biyun nake jira in abin ya shafi karanta rubutu ko kewaya shafi. In ado ne kawai, sai in sa shi cikin `@supports`, dokar CSS da ke duba ko burauza ta san abin, wanda burauzarsa ta gane ya ga ado, wanda tasa ba ta gane ba ya karanta abinsa lafiya.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suna fitowa da wata siffa daban, ko su zama akwati ko shirme. Ya zan yi?

Cuta biyu ce daban, kuma kallo ɗaya yake raba su. In ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, to matsalar fassarar lambobi ce: an adana rubutun da UTF-8, inda kowane ɗayan haruffan nan ke cin bayit biyu, sai aka karanta shi da tsohon tsarin da ke ɗaukar kowane bayit harafi guda. Maganin shi ne `<meta charset="utf-8">` a can saman shafin, cikin bayit 1024 na farko, kuma fayil ɗin kansa da rumbun bayanan su kasance a UTF-8. Wannan yakan faru ne bayan an kwashe bulog daga wani masauki zuwa wani. In ka gan shi, dakata da gyara da hannu, ka koma kan ajiyar da ka yi ka sake shigo da ita daidai.

In kuwa harafin daidai yake amma ya fi 'yan'uwansa kauri ko siranta, ko ya ɗan yi tsalle daga layi, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da shi, sai burauza ta aro daga wani. In ba ta sami inda za ta aro ba, akwati take sawa. A babban take abin ya fi muni: ka rubuta "Ƙarshen zance" da kyakkyawan salo, Ƙ ɗin ta tsaya a gaba kamar baƙuwa a gidan biki. Kafin ka ɗauki salo a Google Fonts, liƙa "Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ" a gurbin gwaji ka duba manya da ƙanana, da mai kauri da na kwance. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis na SIL. Kuma ka sa `lang="ha"` a tag ɗin `html`, domin tamfilet da yawa suna zuwa da alamar Turanci, wanda ke ruɗar manhajar karanta wa makafi da tayin fassara na burauza.

Hotuna suna nauyaya min shafi. Da me zan rage su?

Fara da girma kafin nauyi. Hoton waya yakan kai fiksel 4000 a faɗi, alhali gurbin rubutun bulog da wuya ya wuce 800. Rage shi zuwa 1200 ko 1600, sannan ka matse. Squoosh, wanda ma'aikatan Chrome suka fitar a 2018, yana raba allo biyu, asali a hagu matsattse a dama, kana jan layin tsakiya kana kwatantawa, kuma aikin a cikin burauzarka yake yi, hoton ba ya zuwa ko'ina. TinyPNG ya fi sauri in hotunan da yawa, amma shi sai an ɗora masa su.

Tsarin hoto mara nauyi na WebP ya zama na kowa tun da Safari 14 ta karɓe shi a 2020, kuma WordPress yana karɓarsa tun siga ta 5.8. AVIF yakan fi shi matsewa, Edge ce ta zo ƙarshe wajen karɓarsa a farkon 2024. Sa `loading="lazy"` a hotunan da ke ƙasa don kada su sauko sai an kusa isa gare su, amma kada ka sa wa babban hoton da ke sama, jinkirta shi za ka yi. Dalilin yana cikin amsar da ke biye.

PageSpeed Insights ya ba ni maki 45 a waya. Shafina ya mutu ke nan?

A'a. Rahoton wannan ma'aunin saurin shafi na Google kashi biyu ne, kuma mutane sukan tsallake na sama su ruga wajen da'irar mai launi. Na saman shi ne abin da masu shiga shafinka da Chrome suka gani da gaske cikin kwana 28 da suka wuce, in suna da yawan da za a iya aunawa. Makin da ke ƙasa gwaji ne guda da manhajar Lighthouse ta yi, tana kwaikwayon matsakaiciyar waya a kan intanet mai jan ƙafa. Sake gwadawa bayan minti ɗaya, lambar za ta iya canzawa. Daga 90 zuwa sama kore ne, 50 zuwa 89 ruwan lemo, ƙasa da haka ja.

Ma'aunai uku ne abin kula. LCP shi ne lokacin da abu mafi girma a allon farko ya gama bayyana, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. INP, wanda ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a Maris na 2024, yana auna jinkirin da ke tsakanin taɓawa da amsawa, ana so kada ya wuce milisakan 200. CLS kuma yana auna tsalle-tsallen shafi, irin wanda kana shirin danna wani abu talla ta faɗo ta ture shi ƙasa ka danna tallar. Ana so ya tsaya a 0.1 ko ƙasa. Rubuta faɗi da tsayin kowane hoto a HTML, ka kuma ware wa talla gurbinta tun kafin ta iso, yawancin tsallen zai tafi.

Farautar maki 100 ce ba na goyon baya. Na ga inda aka tara fulogin uku na saurin shafi, kowanne yana jinkirta JavaScript ta hanyarsa, maki ya hau, maɓallin jerin shafuka ya daina buɗewa a waya. Garin neman gira aka rasa ido. Buɗe Network kamar yadda aka bayyana a amsar kayan aikin farko, jera fayiloli bisa nauyi, ka duba biyar na sama. Galibi hoto ne da ba a rage ba, da bidiyon da aka saka, da kod ɗin talla, da akwatin shafukan sada zumunta da ba wanda ke dannawa.

In na tura adireshin rubutuna a WhatsApp ko Facebook hoto ba ya fitowa, ko tsoho ya fito.

Waɗannan manhajoji ba sa kallon shafinka yadda mutum yake kallo. Layukan Open Graph suke nema a kansa, tsarin da Facebook ya fito da shi a 2010: `og:title`, `og:description` da `og:image`. Hoton ya zama kusan fiksel 1200 a faɗi 630 a tsayi, adireshinsa cikakke mai farawa da `https://`, kuma mara nauyi, domin WhatsApp yakan yi watsi da mai nauyi. Layukan su kasance a cikin HTML ɗin da sabar ta aiko, in JavaScript ne ke saka su daga baya ba za a gan su ba. In ka gyara amma tsohon hoto ya nace, kesh ne irin nasu. Sharing Debugger na Facebook yana da maɓallin sake karanta shafi. A WhatsApp kuwa, ƙara `?v=2` a ƙarshen adireshin yakan sa ya ɗauke shi sabo.

Na sa HTTPS, amma burauza tana cewa shafin ba shi da cikakken tsaro.

Mai yiwuwa akwai hoto ko kod a cikin shafin da har yanzu ake kiransa da `http://`. Burauza tana toshe irin wannan kod ɗin kai tsaye, hotuna kuma ta gwada ɗauko su ta amintacciyar hanya, in ba ta samu ba ta bar gurbin fayau. Console zai faɗa maka sunan kowane fayil. Tsofaffin rubuce-rubuce da tamfilet ne maɓoyarsu.

In kuwa babban gargaɗi ne ya rufe shafin duka, duba wa'adin satifiket ɗin, wato shaidar tsaron da HTTPS ke aiki da ita. Na Let's Encrypt kyauta ne, kwana 90 ne wa'adin da aka saba, kuma ana so ya riƙa sabunta kansa. Ranar da sabuntawar ta tsaya ba wanda zai ji ƙara. Gwajin SSL Labs zai nuna maka halin da yake ciki. In mutum ɗaya ne kawai ke ganin gargaɗin, ka ce ya duba kwanan watan wayarsa, agogon da ya ɓace yana jawo haka. Kada kuma ka nemi ɗan kwaɗon nan na alamar tsaro a sandar adireshin Chrome, an sauya alamar tun 2023.

Blogger ya ƙi adana kod ɗin da na liƙa a tamfilet. Me na yi ba daidai ba?

Tamfilet ɗin Blogger XML ne, shi kuwa ba ya yafiya irin ta HTML. Duk tag ɗin da aka buɗe sai an rufe shi, `<br>` ya zama `<br/>`. Alamar `&` a cikin adireshi sai ta koma `&`. Kalma irin `async` ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an rubuta `async='async'`. Saƙon kuskuren yana ba da lambar layi, can za ka dosa. Kuma ka sauke kwafin tamfilet ɗin kafin ka taɓa shi. Ga shafin HTML na yau da kullum, validator.w3.org yana kama tag ɗin da aka manta a buɗe, wanda shi ne yakan jefa sashen gefe can ƙasan shafi. Ba kowane gargaɗinsa ne abin tashin hankali ba, fara da na farko a jerin, sau da yawa gyara shi yana kwashe goma na bayansa.

Mene ne kuskuren CORS, kuma me ya sa abin yake aiki a Postman amma ba ya yi a burauza?

Burauza ba ta barin kod ɗin wani shafi ya karanta amsar da ta fito daga wani tushe daban, sai in wancan ya ba da izini da `Access-Control-Allow-Origin`, rashin wannan izinin kuwa shi ke jawo kuskuren CORS. Tushe kuwa haɗin abu uku ne: http ko https, sunan domen, da lambar ƙofa. Ko ɗaya ya bambanta, baƙo ne. Dokar ta burauza ce, don kare mai amfani da ita, shi ya sa Postman da curl, masu tambayar saba kai tsaye ba ta burauza ba, ba ruwansu.

Gyaran yana wajen sabar da ake tambaya, ba a JavaScript ɗinka ba. In taka ce, ƙara izinin. In ta wasu ce, sai taka sabar ta karɓo bayanan ta miƙo wa shafinka. Ƙarin manhajar burauza da ke kashe dokar kai kaɗai take yi wa aiki, masu karatunka suna nan da kuskurensu. In kuma fayil ɗin ka danna sau biyu ya buɗe da `file://`, tayar da ƙaramar sabar gwaji da `python -m http.server` ka shiga ta ƙofa 8000.

Akwai haɗari a liƙa kod ko bayanai a shafukan kayan aiki?

Akwai. Masu gyara tsarin JSON da regex101 da CodePen da JSFiddle suna sauƙaƙa aiki ƙwarai, musamman in kana son nuna wa wani matsala ba tare da ba shi mabuɗin shafinka ba. Amma abin da ka adana a CodePen na kyauta kowa na iya gani. Cire mabuɗan API da kalmomin sirri da bayanan mutane kafin ka liƙa komai, har a manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira. Mabuɗin da ya riga ya fita, soke shi ake yi a karɓi sabo, goge rubutun bai wadatar ba. Don gane ko shafi yana aika abinka waje, buɗe shi, kashe intanet, ka gwada. In ya yi aiki, a na'urarka yake yi. Tamfilet da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a ɓoye kuwa, sau da yawa da ƙofar baya suke zuwa.

Me ya sa alƙaluman masu ziyara ba sa daidaita tsakanin kayan aiki biyu?

Domin ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Na masauki yana ƙirga duk wanda ya ƙwanƙwasa, har da mutum-mutumin injunan bincike. Google Analytics sai JavaScript ɗinsa ya tashi, masu toshe talla kuma sukan hana shi. Safari ta toshe kukis na ɓangare na uku, wato ƙananan bayanan da wani shafi daban ke ajiyewa a burauza don gane mai ziyara, gaba ɗaya tun Maris na 2020, tana kuma taƙaita rayuwar waɗanda JavaScript ya rubuta zuwa kwana 7, don haka tsohon mai karatu yakan dawo a ƙirga shi baƙo. Chrome ta yi shelar kawar da kukis na ɓangare na uku a 2020, ta yi ta ɗagawa, a ƙarshe ta fasa. Riƙe ma'auni ɗaya ka riƙa kwatanta wata da wata.

Masu toshe tallan nan sukan ɓoye abin da ba talla ba ma, in sunan hoto ko na sashe ya ƙunshi kalma irin `ads` ko `banner`. In mai karatu ya ce wani abu ya ɓace, ka ce ya gwada a tagar sirri, inda ƙarin manhajoji suke a kashe in ba shi ya kunna su ba.

Shafin yana aiki a burauza, amma in an buɗe shi daga cikin Facebook ko Instagram sai ya ƙi.

Waɗannan manhajoji suna da ƙaramar burauza tasu, wadda ba ta san mutum ya riga ya shiga asusunsa a Chrome ko Safari ba. Sauke fayil yakan gagara a cikinta, kuma Google ba ya yarda a shiga asusunsa ta irin wannan taga. Tura wa kanka adireshin ka buɗe daga can, tun da ta nan masu karatu da yawa za su iso. Opera Mini a yanayin matse data mai tsanani ita ma duniya ce daban: sabobin kamfanin ne ke buɗe shafin su aiko da shi a matse, JavaScript kaɗan ne ke tsira. In rubutunka yana cikin HTML tun daga sabar, za a karanta shi a duk waɗannan wurare.

Rubutuna bai fito a binciken Google ba. Ina zan duba?

Yi rajistar shafin a Search Console, ka liƙa adireshin rubutun a gurbin binciken da ke sama. Zai gaya maka ko Google ya gan shi, da dalilin da ya sa bai saka shi ba. A WordPress, leƙa saitin karatu, akwai ɗan akwatin da ke roƙon injunan bincike su kauce wa shafin, ana yawan kunna shi lokacin gini a manta. Kada ka haɗa `robots.txt` da `noindex`: na farko yana hana shiga ne, na biyu yana hana sakawa a sakamako, kuma in ka hana shiga ba za a ga umarnin na biyun ba. Miƙa taswirar shafi, wadda fayil ɗaya nata ke ɗaukar adireshi har 50,000. Sabon shafi yakan ɗauki kwanaki ko makonni.

Wani ya ce rubutuna ba ya karantuwa a rana, ni kuma ina ganinsa sarai.

Kai kana ɗaki da allo mai kyau. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Tokar nan `#999999` da masu tamfilet ke so a kan fari ba ta kai 3 ba, `#767676` ce ta tsallake da ƙyar. Ma'aunin WebAIM zai ba ka lissafin in ka saka launuka biyun, WAVE kuma ya nuna hotunan da ba su da `alt`, rubutun da ke bayyana hoto ga wanda ba ya ganinsa. Sannan ka ajiye linzami, ka bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, ka ga ko kana gane inda kake a kowane mataki.

Na goge rubutu bisa kuskure kuma ba ni da ajiya. Akwai dabara?

Duba kwandon shara tukuna. WordPress yana riƙe abin da aka goge kwana 30, kuma yana adana tsofaffin sigogin kowane rubutu. Tambayi masu masaukinka ko suna da ajiyar kwanakin baya, ka kuma yi saurin tambaya domin sabuwa tana hawa kan tsohuwa. In duk babu, liƙa adireshin rubutun a Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke buɗe ga jama'a tun 2001. Ba kowane shafi yake kamawa ba, hotuna ma sukan ɓace, amma rubutun yakan tsira. In ka same shi, mayar da shi a kan adireshinsa na da, harafi da harafi, don mahaɗan da mutane suka riga suka yaɗa su ci gaba da aiki.